Baƙo ya tafi, wa muke baje wa kayan tarihinmu?



Yau maganar gidajen tarihi za mu yi, wato muze kamar yadda aka saba faɗi, musamman na jihohi, da abin da ake baje kolinsa a cikinsu yanzu haka. Mun san wani zai ce: ana fama da tsadar hatsi da rashin tsaro, wa ke da lokacin tsohuwar ƙwarya? To, a yi haƙuri a bi mu har ƙarshe. Maganarmu guda ce: an jera kayan nan ne don idon baƙo, baƙon ya daina zuwa, mu kuma masu kayan ba a taɓa kiranmu ba. In ba a gyara wanga tsari ba, gidajen za su mutu a tsaye, kayan kakanninmu kuma su ƙare a hannun dillalai.

Duk wanda ya taɓa leƙa irin waɗannan ɗakuna ya san abin da zai tarar. Ga sirdi da likkafa, ga takobi da garkuwa, ga kwari da baka. Gefe guda ƙwarya mai zane, tukwane, babbar riga mai aska, sai kalangu da gurmi da algaita. Kaya ne masu kyau, ba mu musanta ba. Amma duba ƴar takardar da ke ƙarƙashi: kalma uku ko huɗu da Faransanci, ta ce maka wannan sirdi ne na Hausawa. Haba jama'a! Bahaushe ne za a faɗa wa sirdi sirdi ne? Abin da muke son sani shi ne wane baduku ya ɗinka shi, a wace unguwa, zamanin wane sarki, wa ya hau shi, wane gida ya ba da shi. Takardar ba ta faɗi ba, domin wanda aka rubuta wa ita bai damu da sunan baduku ba. Hoto yake so ya ɗauka ya wuce Agadas.

A ba kowa haƙƙinsa. Babban gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai an buɗe shi a 1959, shekara guda kafin ƴancin kai, da ƙoƙarin marigayi Bubu Hama da wani Bature mai suna Pablo Toucet. Tunaninsu a lokacin ya yi nisa: suka haɗa ɗakunan nuni da gidan dabbobi da rumfunan masu sana'a wuri guda, don talaka ya shigo ba tare da jin kunya ba. Can ne ƙasusuwan dinozor da aka tono a Gadufawa suke, can ne kuma aka ajiye bishiyar Tenere da mota ta kayar a 1973. Har gobe, ranar Sallah wurin cika yake yi maƙil da yara. Daga baya aka samu gidajen tarihi na jihohi, kamar na Damagaram da na Doso. Sai dai zamanin da aka tsara su zamani ne na ƴan yawon buɗe ido da Turawa ma'aikatan taimako. Tun da matsalar tsaro ta taso, waɗannan baƙi suka ja baya. Shekaru sun shuɗe, ba wanda ya zauna ya ce: to yanzu wa ya rage mana? Amsar kuwa a fili take. Mu muka rage: ɗan lakwal, almajiri, mai kabu-kabu, uwargida, tsoho mai sanda.

Abu na farko da ke korar mu shi ne harshe. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. An yi ta murna a shafukan nan, har da masu zagin juna a kai. To ina amfanin ayyanawa in tsohuwa daga Mirriya za ta tsaya gaban tukunyar da irinta take ginawa tun tana budurwa, amma sai an nemo mata ɗan lakwal ya fassara mata abin da aka rubuta a kanta? A rubuta bayani da Hausa, da boko da ajami. A Doso a sa Zabarmanci, a Damagaram a ƙara da Barbarci, inda Buzaye da Fulani ke da kaya a sa harshensu. Wanda bai iya karatu ba kuma, ai mu mutanen sauraro ne. A ɗauki muryar dattijo yana ba da labarin kowane kaya, minti biyu, a saka a salula, a tura ta WhatsApp, a ba gidajen rediyon karkara su watsa. Wannan ba ya buƙatar miliyoyi.

Abu na biyu, nunin ba ya motsi. Abin da yaro ya gani yana aji uku, shi zai tarar in ya dawo da nasa ɗan. Mai kanti ma da ya bar haja ɗaya shekara ashirin a kan teburi ai ya san ba mai dawowa. Alhali labaran da za a baje sun fi ƙarfin ɗakunan. A Damagaram, ina nuni a kan zamanin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye birni da ganuwa, har ake ƙera bindigogi a garin? Ina nuni a kan Amadu Kuran Daga da yaƙin Tirmini na 1899, da bakin zuriyar waɗanda suka yi yaƙin? Ina hotunan lokacin da Damagaram ke babban birnin ƙasa, kafin a mai da hedikwata Yamai a 1926? Mutanen Maraɗi suna da ambaliyar 1945, wadda ta cinye tsohon gari a bakin gulbi har aka hauro tudu aka sake sabon zama. Akwai gidajen da kakanninsu suka ga abin da idonsu. Suna da zamanin cinikin gyaɗa da ya fito da alhazai. Tawa kuwa nan aka fara kokawar takobi ta ƙasa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya yi nasara. Ku duba yadda ƙasa ke tsayawa cik duk shekara saboda kokawa, sannan ku faɗa mana: in aka baje layun tsofaffin ƴan kokawa, da walkinsu, da hotunansu, da ganga da muryoyin makaɗansu, wa zai zauna gida? Sai an sa dogarai a ƙofa. Ko wata uku-uku aka riƙa canza ɗaki guda, mutane za su samu dalilin komowa.

Abu na uku, kuma shi ya fi ci mana rai: ana nuna fasaha kamar ta mutu tare da kakanni. Masu yinta suna nan da ransu. Matan Mirriya na gina tukwane. Dukawan Damagaram na ɗinka jaka da takalmi da fatar da majema suka jeme. Magina na nan da suka gāji zanen da ke fuskar gidajen Birni da Zango. Madawa na saƙa tabarmi, maƙeran Agadas na zuba azurfa. Ga samari masu zanen fenti, waɗanda ke ƙare basirarsu a allon shagon aski da bayan manyan motoci saboda ba bangon da zai karɓe su. Ga tsofaffin masu ɗaukar hoto da akwatunansu cike da fuskokin gari na shekara hamsin, gara na cin su. Mi ya hana a ware ɗaki ɗaya, wata-wata, a rataya aikin mutum guda da sunansa da garinsa da kuɗin aikinsa, shi kuma ya zauna ya amsa tambayar jama'a? Gidan nunin fasaha da bai san mai fasahar unguwarsa ba, ɗakin ajiya ne kawai.

Yanzu bari mu juyo kanmu, don in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Mu ne kan gaba wajen kururuwar a dawo mana da kayanmu da ke Turai, kuma gaskiyarmu ce. Rahoton da Felwine Sarr da Bénédicte Savoy suka miƙa wa shugaban Faransa a 2018 ya nuna kayan Afirka ta kudu da Sahara kusan dubu 90 ne ke gidajen tarihin ƙasar, wajen dubu 70 a gida ɗaya tak a birnin Paris. Maƙwabciyarmu Benin ta karɓo guda 26 a watan Nuwamba na 2021. Amma ku lura da abin da suka yi. A farkon 2022 suka baje su a Kwatano, shiga kyauta, suka jera su tare da aikin masu fasaharsu na yau, mutane suka yi ta dogon layi wata da watanni. Mu fa? In gobe jirgi ya sauka Yamai da akwatuna, ina za mu kai su, wa zai je ya gani? Mutum nawa cikin masu rubuta zafafan kalamai a Facebook suka taɓa biyan ƴan dalolin shiga muzen garinsu?

Kuma mun riga mun ga abin da sakaci ke jawowa. A 1975 aka gano makabartar Bura a yammacin ƙasa, masani Bube Gado ya yi aikin tono a 1983, aka fito da tukwane da mutum-mutumin yumɓu da suka haura shekara dubu. Da aka nuna su a Paris a 1993, masu tara kayan tarihi na duniya suka buɗe ido, dillalai suka bazu ƙauyuka, aka dinga haƙa dare da rana ana sayarwa a kuɗin da bai kai buhun gero ba. A shekarar 2000 har sai da aka saka kayan Bura cikin jerin kayan Afirka da aka gargaɗi duniya kada ta saya. Turawa suka gani kafin mu, suka san darajarsu kafin mu. Manomin da ya haƙa ya sayar, wa ya taɓa nuna masa cewa abin da ke gonarsa tarihinsa ne? Haka takubba da littattafan hannu da tsofaffin tasoshin gidajenmu ke fita yau, ɗaya bayan ɗaya, duk lokacin da aka raba gādo.

Akwai masu cewa muze gidan gumaka ne, musulmi ba shi da abin yi can. Muna girmama mai kishin addininsa, amma a duba da kyau. Ba wanda ke zuwa can don bauta. Mafi yawan abin da ke ciki kayan noma ne da na yaƙi da tufafi da na kiɗa. Kuma tarihin musulunci a ƙasar nan shi kansa yana neman wurin ajiya: Alƙur'anan da malamanmu suka rubuta da hannu, gafaka, allon zayyana, wasiƙun sarakuna da ajami. Dubban irin waɗannan rubuce-rubuce suna cibiyar bincike ta jami'ar Yamai, tushensu kuma tarin da Bubu Hama ya fara. Sauran suna cikin buhuna a ɗakunan da ke yoyo. Wanda ya hana a adana su, ya taimaki gara ne.

Akwai kuma masu cewa babu kuɗi. Mun ji. Ma'aikatan gidajen nan da yawansu suna aiki ne da hannu wofi, ba su muke tuhuma ba. Amma ana samun kuɗin rumfuna da kujeru da lasifika duk lokacin da babban mutum zai yanke kyalle. Alhazan da ke raba motoci da babura a filin kokawa, ɗayansu zai iya ɗaukar nauyin nuni guda na shekara ba tare da ya ji a aljihunsa ba.

Don haka ga kiranmu. Gwamnonin jihohi da hukumomin gari su ware wa gidan tarihi kasonsa a kasafi, ko yaya yake, a kuma faɗa wa jama'a nawa ne. Sarakuna su buɗe taskokin fada su ba da aron kaya, da takarda da shaidu, don talaka ya gani. Iyalai masu kayan gādo su ba da aro maimakon sayarwa, a rubuta sunan gidansu a jiki. Kowane mushe ya kai ajinsa sau ɗaya a shekara, malaman makarantun allo su ma a gayyace su da almajiransu. Gidajen rediyo su riƙa sanar da abin da ake nunawa a wata, kamar yadda suke sanar da ɗaurin aure da rasuwa.

Mu kuma, wannan makon, mu ɗauki ɗiyanmu mu je. Mu tambayi mai gadin ɗaki wa ya yi wanga sirdi. In bai sani ba, mu koma gida mu tambayi tsofaffinmu tun suna da rai, mu kawo masa amsa. Wanda ya je, ya ɗauko hoto ya faɗa mana abin da ya tarar a garinsa, mai daɗi da marar daɗi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka.