Wa'adin Wata Uku da Haƙƙin Korarren Ma'aikaci

Babu mai musun cewa ƙara tana bukatar wa'adi, domin shaidu suna mutuwa, takardu suna salwanta, mantuwa kuwa halin ɗan Adam ce. Malaman Malikiyya ma sun tabbatar da hauzi, suka ce wanda ya ga bare yana riƙe da gonarsa shekara goma bai tanka ba, ba a sauraron da'awarsa. Amma sun gindaya sharaɗin ya kasance yana nan, yana sane, kuma babu uzurin da ya hana shi magana. Wannan sharaɗi na uzuri shi ya yi ƙaranci a dokarmu.

Dokar Kare Jami'an Gwamnati, wadda aka kafa a 1916 bisa tsarin wata dokar Ingila ta 1893, ta ba wanda zai kai ƙarar jami'i ko hukuma wata uku kacal, kuma ko da yake Ingila ta soke tata tun 1954, mu har yau muna riƙe da tamu, kotunanmu suna saɓawa a kan ko ta shafi sallama daga aiki. To, a dubi matar da aka kora don ta ɗauki ciki, ko magidancin da aka sallama saboda addininsa ko ƙabilarsa: watan farko yana tafiya cikin ɗimuwa da neman abin sawa a bakin salati, na biyu cikin bin manya da rubuta takardar koke, ana ce masa ya yi haƙuri, fayil yana teburin mai gida, ran da ya haɗa kuɗin lauya ya isa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, sai lauyan hukuma ya miƙe ya ce lokaci ya ƙure, a watsar da ƙara ba a ko taɓa zancen zaluncin ba.

Gaskiya ne ƙa'idojin 2009 na neman haƙƙoƙin ɗan Adam sun ce wa'adi ba ya kashe irin wannan ƙara, sai dai alƙalai sukan ce idan asalin kuka kora ce, ba ta wannan ƙofa ake shiga ba. A lardin Ontariyo na Kanada kuwa shekara guda ake bayarwa ga ƙarar nuna wariya, kuma ana karɓar ƙarar da ta makara idan jinkirin na gaskiya ne, bai cutar da kowa ba.

Abin da ya kamaci Majalisar Tarayya shi ne ta fitar da sha'anin aiki daga Dokar Kare Jami'an Gwamnati ƙarara, ta sa wa'adin shekara guda wanda ba zai fara ƙirguwa ba sai hukuma ta amsa koke a rubuce, ta ba alƙali ikon duba uzuri, ta kuma wajabta rubuta wa'adin cikin takardar sallama. Kafin nan, wanda aka kora ya nemi lauya ko ƙungiyar ƙwadago tun makon farko, domin alkawarin baka ba ya tsayar da lissafin kwanaki.