Fim ɗin "2016" da kwalayen da ke ƙarƙashin teburanmu

Wannan makon zancen fim za mu yi, amma a ƙarƙashinsa zancen kasuwa ne.

A shekarar 2010 wani ɗan Kumasi, Samuel Nkansah, wanda aka fi sani da Ninja, ya fitar da fim mai suna "2016". Da Tonanci aka yi shi. Bai bi ta sinima ba, kai tsaye aka buga shi a faifai aka zuba kasuwa kamar sauran finafinan Kumasi. Labarin shi ne wasu halittu daga wata duniya sun yi shirin mamaye Gana, sai wani masanin kimiyya ya gano shirinsu, ya haɗa mutumin ƙarfe don ya tunkare su. Dodannin an zana su ne a kwamfuta, kuma duk wanda ya taɓa kallon Alien da Predator da Terminator zai gane inda aka samo kamanninsu. A ciki ne dodo yake shurin jariri kamar ƙwallo, mota kuma ta faɗo wa wata mata a ka.

Ni a lokacin ina sayar da faifai tare da kayan lantarki a Nima. Irin wannan kaya mun san shi sarai: kashi na 1, kashi na 2, farashi daidai aljihun ɗan kaya da direban trotro. Riba ba a faifai ɗaya take ba, a yawa take, da kuma sauri. Idan mako biyu ya wuce ba ka sayar ba, masu kwafin sata sun riga ka, sabon fim ya fito, naka ya koma kwali.

To, ba a daɗe ba aka sa tallan fim ɗin a YouTube. Sai ga shi ya zaga duniya, har Conan O'Brien ya nuna shi a shirinsa na talabijin a Amurka. Da yawa dariya suka yi, ba shakka. Amma Bahaushe ya ce kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara. Mutumin nan ba shi da kuɗin Hollywood, kwamfuta kawai gare shi da ƙarfin hali, ya kawo halittun sama ya ajiye su a titunan Kumasi, suna bin mutane masu kama da ni da kai. Kuma yau, a cikin tarin finafinan da aka fitar a wannan shekarar, nasa ne har yanzu mutanen waje suke tambaya.

Wannan sana'a tun asali 'yan kasuwa ne suka riƙe ta. A Gana, William Akuffo ya yi "Zinabu" a 1987 da kyamarar bidiyo. A Kano "Turmin Danya" ya fito a 1990. A Legas, Kenneth Nnebue, ɗan kasuwa mai sayar da kaset, ya fitar da "Living in Bondage" a 1992. Da kaset ya yawaita, gidajen sinima irin su Dunia ta Nima suka ja baya, gidajen bidiyo suka cika lunguna. Dillalan Opera Square a nan Ankara, da na Ƙofar Wambai a Kano, su ne suke yanke wane fim zai rayu. Mu muka ɗauki kayan nan a jaka muka tsallaka da su iyaka.

Amma mun iya sayarwa, ba mu iya ajiya ba. Hotunan tallan fim da masu zane suke yi da fenti a kan buhun fulawa, waɗanda ake ratayawa a ƙofar gidan bidiyo har ruwa ya cinye su, yanzu a Amurka da Turai ana rataye su a ɗakunan nuni, ana saye da dala. A Uganda, Isaac Nabwana ya yi "Who Killed Captain Alex?" a 2010 da kuɗin da bai wuce dala 200 ba. Ya goge asalin fim ɗin daga kwamfutarsa don ya samu wurin na gaba. Kwafin faifai ne ya ceci fim ɗin, har aka sake fitar da shi a Amurka a 2019. Faifai irin wanda muke shara da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne namu na zango. Akwai wasannin Hausa da samarinmu na Nima da Maamobi da Kumasi suka yi, akwai kasakasan wa'azi, da na Maulidi, da na bikin aure da suna. A cikinsu akwai muryoyin dattawan da suka riga mu gidan gaskiya, da irin Hausar da muke yi a nan, wadda ba ta Kano ba ce. Babu wani ofishi da zai zo ya tara mana su. Ga laimar Ankara tana sa kaset fumfuna, faifai kuma rana da ƙarce suna kashe shi. Duk daminar da ruwa ya shiga shago, wani abu ya tafi ke nan har abada.

Shawarata ba ta da tsada. Alhaji, Hajiya, kafin ku ba yara kwalin nan su kai bola, ku zauna ku tsince shi. Abin da aka yi a gida ku ware shi. Ku ɗaga shi daga ƙasa, nesa da rana da laima. Ku ba yaron da ya iya kwamfuta ya kwafe, a ajiye a wuri biyu, a rubuta suna da shekara da garin da aka yi. Idan kuma mai fim yana raye, ko iyalinsa, a neme su kafin a sa a intanet ko a sayar. Haƙƙinsu ne, kuma cinye shi da aka riƙa yi yana cikin abin da ya durƙusar da wannan kasuwa.

Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai wanda ya ajiye ta. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka. Sai mako mai zuwa, in sha Allahu.