Na'urar da aka toshe wa hanci da auduga

A shekarar 2008 ofishin jakadancin Amurka da ke Beijing ya kafa wata 'yar na'ura a kan rufinsa. Aikinta ɗaya ne, ta auna ƙurar nan da ake kira PM2.5, wadda ta fi silin gashi siranta kusan sau 30, ta tura sakamakon zuwa Twitter duk bayan awa guda. Mutanen gari suna ganin hazo ya rufe rana, maƙogwaro na ƙaiƙayi, hukuma na cewa gurɓatar ba ta taka kara ta karya ba, na'urar kuwa tana cewa akwai haɗari. An toshe Twitter a ƙasar Sin, amma alƙaluman sai da suka riƙa yawo daga waya zuwa waya.

Daga ƙarshe gwamnati ta sakko. A watan Janairun 2013 birane 74 suka fara wallafa ma'aunin iskarsu kai tsaye a intanet, shekara guda bayan haka aka tilasta wa dubban manyan masana'antu su ma su bayyana abin da bututunsu ke fitarwa. Wani tsohon ɗan jarida, Ma Jun, ya tattara bayanan cikin manhajar Blue Map, ta yadda mai shayi ma zai iya buɗe wayarsa ya ga kamfanin da ya wuce ƙa'ida, da sunansa da unguwarsa.

An ga amfanin abin. A 2013 matsakaicin PM2.5 a Beijing maikrogiram 89.5 ne a kowace kyubik mita ta iska. A 2021 ya sauko zuwa 33. Ko a hakan, adadin na 2021 ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau shida, amma yaro mai ciwon asma ya san an samu sauƙi.

Sai dai masu tallan "birnin zamani" kan yi saurin bai wa kwamfuta ladan aikin da ba ita ta yi ba. Abin da ya rage hayaƙin Beijing shi ne rufe tashoshin lantarkin birnin masu ƙona kwal, wanda aka kammala da babbar tasha ta ƙarshe a 2017, da kwashe tsofaffin motoci, da korar masana'antu. Gudummawar na'ura ita ce ta hana jami'i musun abin da kowa ke gani a wayarsa, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Jami'an ma sun gane haka. A 2016 aka gano cewa wasu ma'aikatan hukumar muhalli a birnin Xi'an suna shiga tashar awo suna cusa auduga a bakin na'urar, iska na shiga a tace, alƙaluma na fitowa tas. Mutum bakwai aka ɗaure a 2017. An bai wa kura ajiyar nama ne tun farko, domin wanda ƙarin girmansa ya rataya a kan alƙaluman shi ke riƙe da makullin ɗakin. Gwamnatin tsakiya ta ƙwace tashoshi 1,436 daga hannun hukumomin yankuna ta miƙa wa kamfanoni masu zaman kansu. Duk gwamnan da ke ɗokin sayo irin waɗannan na'urori, a ko'ina yake, wannan matakin ya fi cancanta ya kwaikwaya kafin ya yanka kintinkiri.

Akwai kuma waɗanda allon kwamfuta bai nuna ba, kuma nasu ya fi ciwo. A hunturun 2017, don a cika alƙawarin rage ƙura, aka hana ƙauyuka da dama a lardin Hebei hura kwal alhali iskar gas da za ta maye gurbinsa ba ta iso musu ba. Iyalai suka kwana cikin matsanancin sanyi, aka ga hotunan ɗalibai suna karatu a filin makaranta suna bin rana. Sai a watan Disamba ma'aikatar muhalli ta fitar da sanarwar gaggawa cewa duk inda ba a gama jan bututun gas ba, a bar mutane su hura kwal ɗinsu.