Kana Funtuwa, waya ta ce kana Legas

Tun da kaka ta kama, tambaya guda nake ta samu daga masu karanta wannan fili, musamman 'yan kasuwar hatsi na Funtuwa da Dandume da Bakori da ɗalibai daga Malumfashi. Mutum zai buɗe Gmail ko Facebook a sabuwar waya, sai saƙon gargaɗi ya faɗo cewa an shiga asusunsa daga Legas ko Abuja, alhali ko Zariya bai taka ba a wannan makon. Shin ɓarawo ne?

Amsata ita ce, sau da yawa ba ɓarawo ba ne. Sunan garin da ke cikin saƙon shi ne mafi raunin bayanin da ya ƙunsa. Kamfanonin ba sa ganin inda ƙafarka take. Abin da suke gani shi ne lambar IP, wato adireshin da kamfanin sadarwa ya ara wa wayarka. Bayanan da ke fita daga wayar manomi a Kafur sukan bi hanyoyin MTN ko Airtel ko Glo har zuwa wata babbar cibiya a birni kafin su shiga intanet, kuma sunan wannan birnin ne yakan bayyana. Mutane da yawa kan yi tarayya a lamba guda a lokaci guda. Wanda ya kunna manhajar VPN kuwa, kamar yadda jama'a suka yi lokacin da aka dakatar da Twitter a Nijeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, zai iya ganin an ce yana Turai ko Amurka.

Wannan kintace yana kuskure ko a ƙasashen da suka ƙirƙiro shi. A 2016 aka bankaɗo yadda kamfanin MaxMind, mai sayar da irin waɗannan bayanai, yake jingina duk lambar da bai san ainihin wurinta ba a Amurka ga tsakiyar ƙasar. Tsakiyar nan ta faɗa kan wata gona kusa da garin Potwin a jihar Kansas. Lambobi sama da miliyan 600 aka ɗora wa gonar, kuma mazaunanta suka shafe shekaru jami'an tsaro da mutanen da aka damfara suna yi musu sallama.

Sai dai ba wannan ne ya fi damuna ba. Abin tsoro shi ne sabo, wanda Hausawa suka kira turken wawa. Wanda ya ga "Legas" sau goma ba abin da ya faru, a na goma sha ɗaya ba zai ko karanta ba. Ga shi kuma tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, kuɗin masara da waken suya da auduga suka ƙara komawa cikin waya. Asusun imel shi ne ƙofar sauran asusai: wanda ya riƙe shi yana iya sauya kalmar sirrin Facebook ɗinka, ya roƙi abokan cinikinka kuɗi da sunanka. Kada kuma a manta cewa da ɗan gari akan ci gari. Wanda ya buɗe maka asusun a shagon waya, ya zaɓa maka kalmar sirri, idan ya shiga, saƙon zai iya nuna garin da ka saba gani.

Don haka ina ba da shawarar a bar sunan gari, a dubi abu biyu: lokaci da irin na'ura. Idan wayarka Tecno ce, kuma a daidai wannan mintin kai ne ka shiga, hankalinka ya kwanta ko da an ce Fatakwal. Idan kuwa an ce iPhone ko kwamfuta, ƙarfe biyun dare kana barci, to a take ka sauya kalmar sirri, ka shiga sashen tsaro ka fitar da duk na'urar da ba ka sani ba, ka kunna tabbaci mai mataki biyu.

A yi hattara da gargaɗin bogi ma, domin 'yan damfara sun iya kwaikwayonsa. Kada a danna mahaɗin da ya zo cikin saƙo. A buɗe manhajar kai tsaye a duba. Lambobi shida da WhatsApp ke turowa, da lambar da banki ke aikowa, ba a karanta wa kowa su a waya, ko da ya rantse daga banki yake.

Ga ɗalibanmu ina da roƙo. Iyaye da yawa ba sa karanta Turancin da saƙon ke zuwa da shi. Wanda ya koma gida hutu ya zauna da mahaifinsa, ya duba masa jerin na'urorin da ke cikin asusunsa kafin a kai amfanin gona kasuwa.