Shirun da muke ɗauka sauƙi ne

A Gure, kamar sauran garuruwanmu, fuska ɗaya muka sani ta taɓin hankali: mai surutu, wanda ya kwana uku bai runtsa ba, ya rabar da jarinsa a kasuwa, ya ce shi zai gyara ƙasa. Wannan kowa na ganinsa. Nan da nan dangi su taru, a nemo malam, wani lokaci har a nemo mari. Bayan ’yan makonni sai ya lafa. Ya shige ɗaki, ya daina magana, ya daina wanka, tuwo ya huce a gabansa. Sai ka ji ana cewa: "Alhamdu lillahi, ya samu sauƙi." To ni a nan tsorona yake.

Ciwon nan likitoci na ce masa bifolar, ni kuwa na fi son in ce ciwon hawa da sauka. Rai ya hau sama har mutum ya wuce iyaka, sannan ya faɗo ƙasa warwas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da shi. Ga mafi yawansu, lokacin saukar ya fi na hawan daɗewa, kuma a cikinsa ne tunanin kashe kai ya fi matsa wa mutum. Mu kuma daidai lokacin muke sakin jiki, saboda ya daina damun unguwa. In ya daɗe a kwance sai mu canza masa suna: rago, maras tawakkali, wanda aka yi wa sammu.

Ba na faɗa da addu'a, kar wani ya juya mini magana. A yi addu'a, a yi ruƙiyya, amma a kai shi likita, kamar yadda ake kai mai ciwon suga. Abin da ba zan yi shiru a kansa ba shi ne ɗauri. A Satumbar 2019 ’yan sandan Kaduna sun fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Rigasa, wasu da mari a ƙafa, kuma a 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ta samu shaidar ɗaure masu taɓin hankali a ƙasashe 60. Sarƙa ba ta taɓa ɗaga ran wanda ya faɗi ba.

Sai maganar magani, inda ganganci ya fi yawa. Wani zai ji ana cewa ɗan'uwansa na da damuwa, ya tafi wajen mai tallan magani a bakin tasha ya sayo ƙwaya. Jama'a, maganin damuwa irin su amitriptyline, in mai wannan ciwo ya sha shi kaɗai ba tare da maganin daidaita rai ba, yana iya wurga shi sama, a koma gidan jiya. Shi ya sa duk mai raka maras lafiya wajen majo ya kamata ya ba da labarin gaba ɗaya, har da lokacin rashin barci da kashe kuɗi, ko da shekara uku ke nan da faruwarsa. Tramol da wiwi kuwa, ba sai na faɗa ba, fetur ne a kan wuta.

Su ma magungunan daidaita ran suna da sharaɗi. Litiyom na buƙatar gwajin jini a kai a kai, da duba ƙoda da maƙoshi. A zafin Afrilu da Mayu irin namu, in ruwan jiki ya ragu, maganin na taruwa a jini ya zama guba: karkarwar hannu mai ƙarfi, amai, zawo, tafiya ana tangaɗi. Wanda ya ga haka ya nufi asibiti a ranar. Diklofenak da ibuprofen da muke sha kamar gyaɗa suna ƙara haɗarin. Kafin azumi a je a tambayi likita, addini ya yi wa maras lafiya rangwame. Valproate kuma na iya cutar da ɗan tayi, don haka mace mai ciki ko mai shirin haihuwa dole ta faɗa tun farko. Kuma kar a bar magani don an ji sauƙi.

Yanzu ku duba nisa. Daga Gure zuwa babban asibitin Damagaram sama da kilomita 150 ne. Zuwa Pavillon E na babban asibitin Yamai, sama da 1000. Mutumin da tashi daga tabarma ke gagara, shi za a ce ya hau mota kowane wata? Ga kuɗin mota na mutum biyu, ga masauki, ga ordonans. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP don a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane irin wannan ciwo da bin sawunsa. Nijar na da shirin ƙasa na lafiyar ƙwaƙwalwa. Ina so in ga aikinsa a asibitin Gure da CSI na ƙauyukanmu: ma'aikaci mai horo, magani a farmasi, da lambar waya da dangi za su kira.

Kafin nan, ’yan fada, da aikinmu. Abokin da ya ɓace daga fada kwana huɗu, a je gidansu, kar a tsaya ga saƙon WhatsApp. Ba wa'azi ake buƙata ba. A zauna, a sa shi ya ci abinci, a fito da shi ya ɗan taka da safe. Barci a kan lokaci rabin magani ne gare shi, saboda haka a daina tsare shi da shayi na uku har ƙarfe biyun dare. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin. In ya ce e, kar a bar shi shi kaɗai, a ɗauke maganin ƙwari da igiya da tarin ƙwayoyi daga ɗakin, a riƙe masa maganinsa ana ba shi na rana ɗaya-ɗaya, a kai shi asibiti ran nan, ko da kabu-kabu ne.