Sandar awon mai da dokoki dubu shida na Rubi

Makon nan zan fara da wani tarko na lissafi da ke cin dukiyar ƴan kasuwa ba su sani ba.

A ɗauka wani mai sayar da mai a kan hanyar Magarya zuwa Kwaya yana da tanki kwance, mai siffar ganga, mai cin lita 10,000. Ya zura sanda, ya tarar mai ya kai rubu'in zurfin tankin. Nan take zai ce saura lita 2,500. To, ba haka ba ne: abin da ke ciki bai wuce lita 1,955 ba, domin gindin tanki kwance ya fi tsakiyarsa ƙunci. Lita 545 ke nan da ke cikin littafinsa amma babu su cikin tanki. Haka lamarin yake ga rumbu mai ciki, da tabkin da ake son sanin ruwan da ya tara. Ilimin da ke warware wannan shi ne wanda muka koya a ajin ƙarshe na lise da sunan antegral, wato yanka abu gutsure-gutsure ƙanana, a auna kowane, sannan a tara jimla.

Duk wanda ya zauna jarrabawar bak ya san wuyarsa. Babu hanya guda da ake bi. Kowace tambaya da makullinta. Wani masani, Robert Risch, ya fito da tsari na gaba ɗaya a 1969, amma zuba shi dukansa cikin kwamfuta ya zama jan aiki. Sai wani Ba'amurke, Albert Rich, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙera manhajar Derive a 1988, ya bi wata hanya dabam. Ya zauna shekara da shekaru yana tsara dokoki, kowace tana cewa: in ka ga lissafi mai siffa kaza, bisa sharaɗi kaza, mayar da shi kaza. Ya tara fiye da doka 6,000, ya sa musu suna Rubi, aka kuma gwada su da tambayoyi fiye da 70,000. Ma'aikatan duwan za su gane tsarin da sauri: kamar kundin kuɗin fito ne, kowane kaya da layinsa. Amfaninsa biyu ne. Amsar takan fito gajera, kuma ɗalibi yana iya ganin kowane mataki da dokar da aka bi, ba a miƙa masa sakamako a rufe ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Dokokin Rubi kyauta ne, kowa na iya ɗauka. Amma an rubuta su cikin harshen Mathematica, manhajar wani kamfani na Amurka, wadda sai an biya lasisi da kuɗin waje. Hatsin sadaka ne, amma an zuba shi a rumbun haya. Malamin lissafi a Dungas, ko ɗalibin Jami'ar André Salifou ta Damagaram, ina zai samo dalar Amurka? Ko ya haƙura, ko ya nemi kwafin sata. Ko wanne ya zaɓa, kayan aro ba ya rufe katara.

Alhali akwai manhajoji na kowa da kowa, waɗanda ake ɗauka kyauta, a buɗe cikinsu, a gyara. Akwai Maxima, wadda aka saki ga jama'a a 1998, akwai Xcas ta Bernard Parisse na Jami'ar Grenoble a Faransa, akwai SymPy. Aikin da ya rage shi ne kwashe dokokin zuwa cikinsu, kuma ba kwafewa kawai ba ne. Dole manhaja ta iya duba lissafi ta gane wace doka ce ta dace da shi cikin dubbai, ba tare da ɓata lokaci ba. Symja ta yi nasarar ɗaukar su. Masu SymPy sun gwada tun 2017, abin ya yi nauyi, daga baya suka cire shi daga jikin manhajar.

Abin da nake so hukumomin ilimi su lura da shi shi ne, wannan aiki ba ya bukatar masana'anta ko injin miliyoyi. Kwamfuta guda, da intanet, da haƙuri sun isa. Ɗalibin da ya fassara doka ashirin, ya gwada su, ya gano kuskure guda, ya sa hannu cikin aikin duniya, kuma sunansa zai zauna a kai. Me zai hana malaman jami'o'inmu na Yamai da Maraɗi da Damagaram su mai da shi aikin kammala karatu? Me zai hana attajiranmu, waɗanda tankunansu ke bukatar awo na gaskiya, su ɗauki nauyin ɗalibi ko biyu? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kafin nan, Alhaji, kada ka yarda da sanda ita kaɗai. Nemi takardar awon tankinka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.