Raddi ga Masu Naɗa Robert Kennedy Shugabancin Amurka Bayan Rasuwarsa

Duk sanda aka tuna kisan Robert Kennedy sai an maimaita mana magana guda: wai da Sirhan Sirhan bai harbe shi a otal ɗin Ambassador ba ranar 5 ga Yuni 1968, da shi zai gaji Lyndon Johnson a Fadar White House. Babbar hujjarsu ita ce: ai a daren ya lashe zaɓen fidda gwani na Kalifoniya. Kisan abin baƙin ciki ne matuƙa, amma alhini ba ya halatta wa mutum ya karkatar da tarihi.

Masu wannan magana suna auna 1968 da dokokin yau, kuma nan suka yi ɓatan kai. A lokacin, jihohin da ke gudanar da zaɓen fidda gwani ba su kai sulusi ba. Galibin daliget ɗin jam'iyyar Dimokurat suna hannun gwamnoni da magadan gari da shugabannin ƙwadago irin su George Meany, kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda gwamna ke juya daliget a nan gida ya san abin da ake nufi. Mataimakin shugaban ƙasa Hubert Humphrey bai shiga fafatawar ko jiha ɗaya ba, amma ranar da aka harbi Kennedy shi ne kan gaba a yawan daliget, ana neman 1,312. Ita kanta Kalifoniyar da ake ta yayatawa, kashi 46 Kennedy ya samu, Eugene McCarthy na biye da kashi 42, mutumin da ya kayar da shi a Oregon mako guda kafin nan. Ga kuma Johnson, wanda ƙiyayyarsa da Kennedy ba ɓoyayya ba ce, har a lokacin ragamar jam'iyya na hannunsa. Ta ina za a bi a tsallake duk wannan? Tsarin da ya ba talaka ikon zaɓen ɗan takara sai bayan rikicin babban taron jam'iyyar a Shikago aka kafa shi, ta hannun kwamitin McGovern da Fraser.

Za su ce Richard Daley, magajin garin Shikago, yana iya komawa wajen Kennedy. Mai yiwuwa ne, domin akwai tsohuwar alaƙa tsakaninsa da gidan Kennedy. Amma Illinois jiha ɗaya ce, kuma daliget ɗin Kudu, inda ake jin haushin Kennedy kan haƙƙin baƙaƙen fata, ba sa karɓar umarni daga Daley.

A ce ma ya samu tikitin. Suna kafa hujja da cewa a babban zaɓen ratar Nixon, ɗan takarar Rifablikan, da Humphrey, wanda ya samu tikitin Dimokurat, ƙuri'a kusan rabin miliyan ce kacal, sun manta kujerun wakilan zaɓe na jihohi ake ƙirgawa: Nixon 301, Humphrey 191, ɗan takara na uku George Wallace 46. Cikin na Humphrey akwai 25 na Texas, jihar Johnson, wadda da wuya ta bi Kennedy.